Nvidia: Ciniki Ya Ninka, Hannun Jari Ya Faɗi

Yau shirin namu zai leƙa kasuwar hannun jari ta Amurka.

Ranar 28 ga Agusta, 2024, bayan an tashi kasuwa a New York, kamfanin Nvidia ya fitar da lissafin cinikinsa na wata uku. Shi ne mai tsara ƙananan na'urorin nan da ke zama ƙwaƙwalwar kwamfuta, waɗanda su Microsoft da Meta ke rububin saye domin gina ƙirƙirarriyar basira. Ciniki ya kai dala biliyan 30, ƙarin kashi 122 cikin ɗari a kan na daidai lokacin a shekarar da ta gabace ta. Amma da aka buɗe kasuwa washegari, sai farashin hannun jarinsa ya sauka da wajen kashi 6.

To, me ya yi zafi?

Kamfanin ne ya sangarta masu zuba jari. A watan Mayun 2023, masana suna hasashen cinikin wata uku masu zuwa zai tsaya wajen biliyan 7, sai kamfanin, wanda Jensen Huang ke shugabanta, ya ce biliyan 11 yake sa rai. Kashegari farashi ya tashi da kashi 24, kafin wata ya ƙare darajar kamfanin ta taɓa dala tiriliyan ɗaya. Tun daga ranar, duk wanda ya sayi hannun jarin ya saya da tsada ne, da zaton za a sake ba shi mamaki.

A watan Agustan 2024 kuwa, biliyan 32.5 kamfanin ya ambata a matsayin cinikin wata uku masu zuwa, masana kuma suna jiran abin da bai kai 32 ba. Ya wuce hasashe, amma da ƙyar. Sai aka koma bin lissafin layi-layi. Abin da ke saura bayan cire kuɗin ƙera kaya ya ragu daga kashi 78.4 a wata ukun baya zuwa 75.1. Sabuwar na'urarsa Blackwell kuma sai da aka yi mata gyara kafin a shiga ƙera ta da yawa. A ganina ƙorafin ya yi yawa, kamar mai raina buhu ɗari don ya ƙwallafa rai a kan ɗari da goma.

Mai kuka na gaske a wancan watan shi ne kamfanin Intel, wanda shi ma ke harkar irin waɗannan na'urori. Ranar 1 ga Agusta ya sanar da sallamar kashi 15 na ma'aikatansa, ya dakatar da rabon riba, washegari hannun jarinsa ya zube da kashi 26.