Wakilin Manoma da Kuɗin Zaɓe: Nazari a kan Collin Peterson na Amurka

Tambaya ce daɗaɗɗiya a fagen siyasa: idan ɗan majalisa ya tsaya wa waɗansu mutane, su kuma suka zuba kuɗi a yaƙinsa na neman zaɓe, shin wakilci ya yi ko kuwa saye aka yi? Wannan maƙala za ta duba tambayar ne ta hanyar bin sawun mutum guda, wato Collin Peterson, wanda ya wakilci mazaɓa ta bakwai ta Jihar Minisota a Majalisar Wakilan Amurka daga 1991 zuwa 2021.

An haifi Peterson a 1944, ya tashi a gona, ya yi aikin akanta, sa'an nan ya shekara goma a majalisar dattawan jiharsa kafin ya tafi tarayya. Mazaɓarsa karkara ce shimfiɗaɗɗiya a yammacin jihar, har da kwarin wani kogi da ya raba Minisota da Dakota ta Arewa. A wannan kwari ake noma wata farar saiwa mai suna bit, wadda ake tatsar sukari daga cikinta kamar yadda ake tatsa daga rake. Babban kamfanin da ke sarrafa ta shi ne American Crystal Sugar, mai hedkwata a garin Moorhead, kuma tun 1973 manoman da ke kai masa kaya su ne masu shi. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin a nan kullin yake.

Gwamnatin Amurka ba ta miƙa wa manoman sukari kuɗi a hannu. Dabaru uku take yi. Tana ba masu sarrafa sukari rance a kan wani ƙayyadadden farashi, sukarin ya zama jingina. In farashin kasuwa ya faɗi ƙasa da haka, suna iya sallama mata sukarin a bakin bashin. Tana kuma yanka wa kowane kamfani iyakar abin da zai sayar, kana ta taƙaita wanda za a shigo da shi daga waje. Da haka farashin sukari a Amurka ya kan ɗara na kasuwar duniya, kuma mai saye ne ke biyan rarar ba tare da ya ankara ba.

To, Peterson shi ne shugaban Kwamitin Aikin Gona na majalisar daga 2007 zuwa 2011, ya kuma sake riƙe kujerar daga 2019 zuwa 2021. A hannunsa aka ƙulla babbar dokar noma ta 2008, wadda Shugaba Bush ya hau kujerar naƙi a kanta, majalisa ta danne shi da rinjayen kashi biyu cikin uku. Dokar ta ɗaga farashin rancen ɗanyen sukari daga santi 18 zuwa 18.75 a kowace laba, ta keɓe wa masu noma na gida aƙalla kashi 85 cikin ɗari na sukarin da ƙasar ke sha, ta kuma ba gwamnati damar sayen rarar sukari ta sayar wa masu yin man mota daga tsirrai. Sau biyu aka yi yunƙurin sassauta tsarin a zauren majalisa, a 2013 ya faɗi da ƙuri'a 206 da 221, a 2018 ya sha kaye mafi muni, kuma a duka biyun Peterson yana cikin masu kare shi.

Ta fuskar kuɗi kuwa, tun 1907 doka ta hana kamfani ya ba ɗan takarar tarayya kuɗi daga aljihunsa. Abin da aka yarda shi ne masu hannun jari da manyan ma'aikata su kafa asusun siyasa, wanda ba ya wuce dala 5,000 ga ɗan takara a kowane zaɓe. Asusun American Crystal yana cikin mafiya girma a harkar noma, yana raba wa jam'iyyu biyun duka, kuma sunansa ya daɗe a sahun gaba na masu tallafa wa Peterson. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2010, wanda ya buɗe ƙofar kashe kuɗi ba iyaka muddin ba a hannun ɗan takara aka sa ba, masu sukari sun kafa wani asusu na dabam don kare kujerarsa a zaɓen 2020.

Masu suka sun ce ai ba a buƙatar wata shaida: ga kuɗi, ga ƙuri'a. Amma maganar ba ta kai haka sauƙi ba. Waɗanda suka ba da kuɗin su ne dai mutanen mazaɓarsa, kuma da wuya a ce ɗan manomi daga wannan kwari zai juya wa sukari baya ko da ba a ba shi anini ba. Inda kuɗin ya fi yin aiki shi ne wajen wakilan birane da na jihohin da ba a shuka ko saiwa ɗaya, amma suka riƙa jefa ƙuri'a tare da shi. Ko su ma ba kuɗi kaɗai ya jawo su ba. Kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin dokar noma yana tafiya ne ga tallafin abinci na matalauta, wanda wakilan birane ke so, sai aka yi ban gishiri in ba ka manda. Peterson ya san darajar wannan ƙawance. Da aka raba tallafin abinci da dokar noma a 2013 bai goyi baya ba, haka kuma a 2018 ya ƙi daftarin farko saboda sharuɗɗan neman aiki da aka ɗora wa masu karɓar tallafin.

Duk da haka, akwai abin da ba a iya wanke shi daga gare shi. Manoman da suka mallaki American Crystal ba su kai 3,000 ba, alhali masu shan sukari miliyoyi ne, kowa yana asarar 'yar kaɗan da ba ta isa ta sa shi kafa asusu ba. Ko a cikin kwarin ma muradu ba ɗaya ba ne, domin a Agustan 2011 kamfanin ya rufe wa ma'aikatansa wajen 1,300 ƙofa a kan rigimar yarjejeniyar aiki, ba su koma ba sai 2013. Wanda ya san tarihin hukumomin ciniki na Nijeriya, waɗanda aka rushe a 1986, zai ga abin a juye: a nan manomin gyaɗa da auduga aka biya ƙasa da farashin duniya, rarar ta shiga hannun gwamnati; a can kuwa manomi ne ya haɗa kai, ya tara kuɗi, ya sa aka tsara doka yadda take yi masa daɗi.

Peterson ɗan jam'iyyar Dimokuraɗiyya ne a mazaɓar da ta daɗe tana karkata ga 'yan Rifabulikan. Ya ƙi dokar lafiya ta Obama a 2010, ya ƙi tsige Trump a 2019, duk don ya zauna lafiya da mutanensa. A Nuwamban 2020, yana kan kujerar shugaban kwamiti, ga kuɗin masu sukari a bayansa, Michelle Fischbach ta kayar da shi da wajen kashi 53 cikin ɗari, shi kuwa ya tashi da 40.