Difloma, takardar da muka raina

A Mai Wurno da ƙauyukanmu na Jazira, in yaro ya ci jarrabawar shahada, zance ɗaya ne a zaure: likita ko injiniya, a Madani ko Khartum. Difloma kuwa ta wanda maki ya gaza ce. Ni ma haka na riƙa gaya wa ɗalibaina, har Disamban 2023 da dakarun RSF suka shiga Wad Madani, karatu ya tsaya a Jami'ar Jazira.

Wani yarona da ya kai aji huɗu a likitanci ya tsallaka Masar ba ko takarda, shekara huɗu ta tafi a iska. Wata kuwa da ta gama diflomar jinya ta fita da shahadarta a jaka, duk inda ta je tana da abin nunawa.

Abin da kwalejin al'umma ke yi wa ɗaliban ƙasashen waje a Amurka ke nan. Shekara biyu ka karɓi takarda, kuɗin bai kai na jami'a ba, da yawansu ma suna da ajin gyara Turanci. Daga nan ka nemi jami'a ka ɗora daga aji uku. Mu ma muna da irinsa, shi ne tajsir, raina shi kawai muka yi.

Sai dai a watan Yunin 2025 Amurka ta saka Sudan cikin ƙasashen da ta hana wa shiga. Don haka iyaye, duk dillalin da ya ce a sayar da gona zai samo wa yaro biza, a fara tambayarsa da wane fasfo.