Taɓin Hankali da Mas'alar Gado

A ƙasar Arewa, tun daga Dogondutsi, a biyo Dallol Mawri zuwa Kiyeshe da Tibiri, idan saurayi ya soma jin muryoyin da ba mai jin su sai shi, ya ƙaurace wa tsaransa, ya riƙa zargin ana bin sawunsa, galibi dangi kan rabu biyu: wasu su nufi 'yan bori, kasancewar sha'anin iskoki daɗaɗɗen al'amari ne a nan, wasu su nufi malami domin tofi da rubutun sha. Amma ko'ina aka nufa, tambaya guda ke kwana a zukatansu, wato ko abin gado ne.

Likitoci na kiran wannan ciwo sikizofireniya tun 1908, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi sun kai miliyan 24, kimanin mutum 1 cikin 300. Cewa gado na da hannu a ciki, wannan babu shubuha. Sai dai tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, waɗanda ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne sak, in ɗaya ya kamu, ɗayan yakan tsira a rabin lokuta ko fiye, kuma 'ya'yan da mahaifi ɗaya ke da ciwon, kusan tara cikin goma ba ya taɓa su. Masu binciken asali kafin aure, da ke soke magana saboda kawu guda ya taɓu, sun yanke hukunci fiye da hujjar da ke hannunsu.

Dalili kuwa shi ne ba ƙwayar gado guda ke haddasa shi ba. A 2014 masana suka gano wurare 108 a cikin kundin gadon ɗan Adam masu alaƙa da ciwon, a 2022 adadin ya kai 287, kowanne da ɗan tasirinsa ƙanƙane, kuma mai lafiya ma yana ɗauke da rabonsa daga cikinsu. Ƙwayar gado umarni ce kawai. Wanda ke zartar da aikin shi ne sinadarin furotin da ake ƙerawa bisa umarninta, kuma akasarin waɗannan wurare ba siffar furotin suke sauyawa ba, gwargwadon da za a ƙera suke ƙarawa ko ragewa. Shi ya sa masana ke auna furotin a ƙwaƙwalen waɗanda suka bayar da su domin nazari bayan rasuwa.

A 2016 masana a Jami'ar Harvard suka nuna cewa nau'in ƙwayar gado mai suna C4 da ke sa a ƙera furotin ɗinta da yawa yana ƙara haɗarin kamuwa. Ana kyautata zaton aikin wannan furotin shi ne sa alama a kan mahaɗan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da za a cire lokacin balaga, kamar yadda manomi ke rage tsiron gero a rami ya bar masu ƙarfi. In cirar ta wuce ƙima, sai sadarwa ta raunana, kuma mai yiwuwa wannan ne sirrin bayyanar ciwon a shekarun samartaka. Sai dai mafi yawan waɗanda aka yi nazarin a kansu Turawa ne da mutanen gabashin Asiya, alhali babu nahiyar da ta kai Afirka bambancin ƙwayoyin gado; binciken 2020 a kan majinyata kimanin 900 na ƙabilar Xhosa a Afirka ta Kudu somin-taɓi ne kurum.

Kafin wannan ilimi ya haifi sabon magani, akwai na hannu tun 1952, lokacin da likitocin Paris suka soma amfani da chlorpromazine, kuma ana duba irin waɗannan majinyata a Babban Asibitin Yamai da asibitin Kware kusa da Sakkwato. Addu'a ba ta hana neman magani, amma mari da turu ba sa gyara komai a ƙwaƙwalwa, kuma likitoci sun tabbatar cewa gwargwadon jinkirin kai majinyaci, gwargwadon wuyar farfaɗowarsa.