Daga Motar Kara Zuwa Dajin Burma: Yadda Za Ku Gina Fagen Yaƙi A Kan Falanki

Duk wanda ya taɓa fere kara ya yi mota, ko ya buɗe gwangwanin madara ya ƙera tirela, ya riga ya san rabin aikin da za mu yi magana a kansa yau. Sauran rabin lissafi ne da tarihi. Sunan aikin dayorama, wato a ɗauko wani lokaci guda na wani abu da ya faru, a gina shi ƙarami a kan falanki, da ƙasarsa da itatuwansa da motocinsa, ta yadda mai kallo zai ga kamar leƙe yake yi ta taga. Kalmar ta fito ne daga Faransa, inda Louis Daguerre ya buɗe wani gidan nuna manyan zane-zane da wannan suna a birnin Paris a 1822. A yau kuwa sana'a ce da abin sha'awa ga mutane da yawa a Japan da Turai da Amurka, kuma fagen yaƙi na daga cikin abin da suka fi ginawa.

Wanda zai fara yakan yi sha'awar tankokin Jamus ko jiragen Amurka, don su ya saba gani a fim. Mu dai shawararmu ita ce a fara da labarin da ya shafe mu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, Turawan Ingila sun kwashi dubban samari daga Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya zuwa Burma, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, don su yaƙi sojojin Japan. An kafa Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma a 1943, ta shiga kwarin kogin Kaladan a 1944. Runduna ta 82 ta biyo baya, kuma a watan Janairun 1945 aka ƙwace garin Myohaung. Da yawa daga cikin sojojin nan Hausa suke ji da juna a bariki. Har gobe sunayen wuraren suna nan tare da mu: barikin Dodan da na Myohaung a Legas, na Dalet a Kaduna, na Letmauk a Ibadan. Barikin Chindit da ke Zariya kuwa sunan wata runduna ta musamman ce da sojojin Najeriya suka yi aiki a cikinta a 1944.

Lissafi kafin gam

Abin da ya raba dayorama da wasan yara shi ne ma'auni. Kowane abu a kan falankin sai an rage shi da adadi ɗaya. Wanda ya fi shahara ga motocin soja shi ne 1/35, wato santimita 35 na gaske ya koma santimita ɗaya. Kamfanin Tamiya na Japan ne ya yaɗa shi, kuma asalinsa abin dariya ne: a 1961 sun ƙera wata ƙaramar tanka daidai girman da batir zai shiga cikinta, da aka auna sai aka ga ta faɗa a kan 1/35.

Ku ɗauko biro mu gwada. Soja mai tsawon santimita 175, idan an raba da 35, ya zama santimita 5. Jif ɗin Willys, wadda tsawonta ya ɗan haura mita uku, za ta zama kusan santimita tara da rabi. Bindigar Lee-Enfield da sojojin suka riƙe ba za ta wuce santimita uku da ɗoriya ba. Itace mai mita goma kuwa ya kusa santimita 29, kusan tsawon rula guda. A nan ne masu farawa ke tuntuɓe: sai ka ga an kafa itace daidai kafaɗar soja, daji ya koma gonar rogo.

Jirgin Dakota, wanda ya riƙa jefo wa Runduna ta 81 abinci da harsashi da lema, faɗin fukafukansa kusan mita 29 ne. A 1/35 zai ci santimita 83, ya fi ƙarfin teburin aji. Mai son jirgi sai ya koma 1/72, inda soja bai kai santimita biyu da rabi ba. Abin da ba a yi shi ne haɗa ma'auni biyu a fage ɗaya.

Falanki mai faɗin takardar jarrabawa ya isa aikin farko. Kada ku ce za ku gina yaƙin gaba ɗaya. Ku zaɓi minti guda: jif ta maƙale a taɓo, mutum uku suna tura ta, wani ya sauke kayan da ke kansa yana kallo. Sojojin Runduna ta 81 da hannunsu suka sare daji suka fitar da hanyar jif mai tsawon fiye da kilomita 100 zuwa Kaladan, don haka irin wannan yanayi ba ƙage ba ne.

Ƙasa, ruwa da gora

Kwalayen da ke zuwa da sassan mota na roba, irin na Tamiya da Airfix da Revell, ba kasafai ake ganin su a kasuwanninmu ba, kuma yin odarsu daga waje sai mai hali. Wannan bai hana komai ba. Jif kusan duk jikinta a miƙe yake, ana iya yanka ta daga kwali mai kauri, a yi taya da murfin kwalba ko robar silifa, a yi sitiyari da siririyar waya.

Tudu da gangare ana yin su da farin abin nan mara nauyi da ke zuwa cikin kwalin firij ko talabijin. A yanka shi hawa-hawa, a manna da farin gam na kafinta. Kada ku kusanto da sufa gulu ko fentin feshi wurinsa, narkar da shi suke yi nan take. Daga nan a lulluɓe shi da tsohuwar jarida da aka jiƙa da gam da ruwa, a bar shi ya kwana ya bushe.

Ƙasar da za a barbaɗa a kai sai an shanya ta sosai an tankaɗe da rariya. Dalili kuwa lissafin nan ne dai: tsakuwa mai milimita biyu, a idon sojanku dutse ne mai santimita bakwai. Don yin taɓo, a kwaɓa ƙasar da gam da ɗan baƙin fenti, a shafa, sannan a danna tayar motar a ciki tun da danshi don sawu ya fito. A bar tayar ta ɗan nutse. Motar da ta tsaya a saman ƙasa kamar an ajiye ta a kanta ita ce ke fara tona asirin sabon hannu. Kududdufi kuwa, farin gam ne ake zubawa kaɗan-kaɗan, don idan ya bushe da siranta yakan yi garau kamar ruwa. Idan aka malala shi da yawa lokaci guda, fari zai tsaya.

Dajin Arakan cike yake da gora. Tsinken tsintsiya da aka yi wa gaɓa-gaɓa da fenti yana ba da ita, ganyen kuma a yanka siri-siri daga takarda. Saiwar ciyawa busasshiya tana zama itace mai rassa, garin katako da aka rina kore ya zama ciyawa. Kore kala ɗaya ba ya yin daji. A haɗa mai duhu da mai haske da ɗan ruwan ƙasa.

Bayan an gama fenti, kada a bar mota tana sheƙi kamar ta amarya. A tsinka baƙin fenti da ruwa sosai, a shafe ta, ya gangara cikin lunguna ya fito da su. Idan ya bushe, a tsoma burushi cikin fenti mai haske, a goge shi a tsumma har ya kusa ƙarewa, sannan a riƙa shafa gefe-gefen a hankali. Masu amfani da reza su yi yanka ta nesa da yatsa, a kuma yi fenti a inda iska ke shiga.

Wa aka bari a waje?

Akwai labarin da ya kamata duk mai wannan aiki ya sani. A 1838 wani hafsan Ingila, Kyaftin William Siborne, ya kammala wani ƙaton fage na yaƙin Waterloo, inda aka karya Napoleon a 1815. Ya cika shi da dubban ƙananan sojoji, har da Jamusawan Furushiya da suka kawo wa Ingila ɗauki. Manyan Ingila ba su ji daɗin ganin yawansu ba, daga baya aka cire dubbai daga cikinsu. Fagen yana nan a gidan tarihin soja da ke Landan.

Haka abin yake ga Burma. Mafi yawan ƙananan sojojin roba da kamfanoni ke sayarwa Turawa ne ko Japanawa, da wuya ka samu baƙar fata. Alhali Runduna ta 81 ta dogara ne a kan 'yan Afirka masu dakon kaya a ka, waɗanda suka ratsa duwatsun da mota ba ta iya bi, ɗauke da akwatunan harsashi da abinci. Idan fagenku ya nuna jif da bindiga kawai, babu mai gammo a ka, to kun sake cire su. Ku duba tsofaffin hotunan gidan tarihin Imperial War Museum a intanet kafin ku fara: za ku ga malafa mai faɗin baki, da kayan sarki na shiga daji, da adda a kugu. Littafin Burma Boy na Biyi Bandele, wanda ya fito a 2007, ƙagaggen labari ne amma a kan waɗannan sojoji aka gina shi.

Ana yin mutanen da waya a matsayin ƙashi, a naɗe da takarda mai laushi da gam. Mun san akwai gidajen da ba a yarda da yin mutum-mutumi ba, don haka ku fara tambayar iyayenku ko malaminku. Fage ba ya rasa labari don babu mutum a ciki. Jif a taɓo, akwatuna uku a gefe da gammo a kan ɗaya, lemar jirgi ta maƙale a reshe, sawun takalma ya nufi cikin gora: mai kallo zai gane cewa yanzun nan suka bar wurin.

Idan an gama, a rubuta ƙaramar takarda a manna a gaban falankin: wuri, shekara, runduna, da ma'auni, misali "Kwarin Kaladan, Burma, 1944, Runduna ta 81, 1/35". Sannan a nemi kwali ko farar leda a rufe shi, domin ƙurar hunturu ta kwana biyu ta isa ta mayar da dajin Arakan saharar Agadas, kuma ganyen takarda ba ya jure sharewa.