Katsewar daƙiƙa 43 da ta ci yini guda: me ke haɗa kwamfutocin da ke riƙe da bayanai?

Idan aka ce wa mutum a banki "babu rezo", yakan ɗora laifin kan intanet. Amma wani lokaci matsalar tana cikin ɗakin na'urori ne, tsakanin manyan kwamfutocin da ke riƙe da asusun jama'a.

Bankuna da kamfanonin waya ba sa ɗora rumbun bayanansu kan kwamfuta guda. Suna haɗa biyu ko fiye, don in ɗaya ta mutu sauran su ci gaba da aiki. Akwai waya ta musamman da ke haɗa su, wadda suke musayar bayanai ta cikinta, kuma a kai a kai kowace tana sanar da sauran cewa tana nan da rai.

Idan wayar nan ta katse, kowace kwamfuta na iya ɗauka cewa ƴar'uwarta ta mutu, sai ta ci gaba da rubutu ita kaɗai. Kamar masu tsaron kanti biyu ne, kowa ya buɗe nasa littafin bashi bai gaya wa ɗayan ba. Ranar lissafi, wanne za a bi?

Irin haka ta samu kamfanin GitHub na Amurka ranar 21 ga Oktoba 2018. Ana cikin canza wata na'ura sai layi ya katse na daƙiƙa 43. Kwamfutocin yammacin ƙasar suka karɓi ragamar aiki, alhali na gabas suna riƙe da wasu bayanan da ba su isa can ba. Sai da aka kwashe awa 24 da minti 11 kafin aiki ya daidaita.

Shi ya sa injiniyoyi ke ja wayoyi biyu, kowace da nata akwatin rarrabawa da tata hanyar samun kuran. Suna kuma sa kwamfutocin su yi ƙuri'a: ɓangaren da ya fi yawa shi ke ci gaba, don haka aka fi son uku a kan biyu. A tsarin Oracle RAC, wadda aka daina jin ɗuriyarta har daƙiƙa 30 cire ta ake yi daga rukunin.

Wannan ɗan jinkiri yana ɓata wa mai jiran layi rai, amma ya fi a wayi gari asusu ɗaya yana da lissafi biyu.