Klamath, Garin da Kifinsa Ya Dawo

Matafiyin da ya bi babbar hanya mai lamba 101 a arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka zai iya wuce Klamath bai ankara ba. Ɗan ƙaramin gari ne a daidai inda Kogin Klamath yake zuba cikin Tekun Pasifik, kuma tsohon garin ma ambaliyar watan Disambar 1964 ta share shi.

Yawancin baƙi itatuwa ne suke kawo su, kuma ba su yi laifi ba. Itacen redwood, mai jan ɓawo da kauri, shi ne mafi tsawo a duniya. Wanda ake kira Hyperion, da aka gano a 2006, ya haura mita 115, wasunsu kuwa sun shekara 2,000 a tsaye. Da rani ruwan sama yakan ɗauke, sai hazo mai danshi ya taso daga teku ya lulluɓe dajin, ganye ya tare shi, ya riƙa ɗiga ƙasa kamar yayyafi. Sai dai zarto ya yi ɓarna: kashi 5 cikin 100 na tsohon dajin kaɗai ya rage, ɓarnar ce kuma ta sa aka kafa gandun daji na ƙasa a 1968.

Amma a ganina, wanda ya kalli itatuwan ya juya bai ga Klamath ba. Ƙasar ta Yurok ce, ƙabilar 'yan asali mafi yawan jama'a a Kalifoniya. Da katakon redwood suke gina gidajen gargajiya, daga gungume guda suke sassaƙa kwalekwale, har su fitar masa da zuciya da huhu da ƙoda a ciki, domin a wurinsu abu ne mai rai. Abincinsu kifin salmon ne. Akan yanka shi fala-fala, a tsire a sandunan redwood, a kafa su kewaye da wuta kamar tukubar mai tsire, kitse yana naso yana gangarowa.

A watan Satumbar 2002 kifin nan ya mutu a gabansu. An karkatar da ruwa zuwa gonakin rani da ke can sama, kogi ya ja baya ya ɗumama, cuta ta shiga kifayen da suka cunkushe a hanyarsu ta zuwa yin ƙwai. Fiye da 34,000 suka mutu, gawarwakinsu jibge a gaɓa, wari ya hana kowa sakat. Ga mutanen da ke auna shekara da zuwan kifi, wannan rashi ne na cikin gida.

Ba su naɗe hannu ba. Su da maƙwabtansu Karuk sun shafe shekara 20 suna zanga-zanga da zaman sulhu, suna neman a rushe madatsun ruwa huɗu da suka tare wa kifi hanya. A 2019 majalisar Yurok ta ba kogin haƙƙi irin na mutum a dokarta. A 2024 aka gama rushe madatsun, aikin rushe madatsun ruwa da ba a taɓa yin mai girmansa ba a tarihin Amurka. Cikin watan Oktoban shekarar aka hango salmon a rafukan jihar Oregon, can sama da inda madatsun suke a da, wuraren da rabon kifin da su ya fi shekara 100.