4.3 Lambu a Tsakiyar Damina: Amfaninsa da Matsalolinsa a Garin Gude

Idan aka ambaci lambu a ƙasar Kano, abin da ake nufi galibi shi ne noman rani, wato tumatir da albasa da tattasai waɗanda ake yi wa ban-ruwa tun daga watan Nuwamba har zuwa Afrilu. Wannan sashe kuwa zai duba lambu ne a lokacin da ba a cika maganarsa ba, wato daga watan Yuni zuwa Agusta, tare da kafa misali da ƙananan lambunan garin Gude da ke cikin Ƙaramar Hukumar Kabo, maƙwabciyar Gwarzo.

Lambunan wannan yanki sun dogara ne a kan fadamu da kuma madatsun ruwa irin su Magaga da Guzu-Guzu. A da can da jigo ake ban-ruwa, kafin hukumar KNARDA ta yaɗa ƙananan injuna a cikin shekarun 1980. To amma da zarar damina ta zauna sai inji ya huta, kayan lambun ma su sake. Abin da ake samu a wannan lokaci shi ne kuɓewa da alayyahu da yakuwa da rama da lalo da gauta da ɗanyar masara. Alayyahu yakan isa cira cikin kamar wata guda. Ita kuwa kuɓewa takan fara 'ya'ya wajen wata biyu da shuka, daga nan sai a riƙa tsinkarta duk bayan kwana biyu ko uku.

Ana iya raina waɗannan kaya idan aka kwatanta su da kwandunan tumatir na rani, amma kuskure ne a auna su da wannan ma'auni. Dalili kuwa shi ne, a daidai wannan lokaci ne rumbu yake yin ƙasa, gero kuma ba ya nuna sai ƙarshen Agusta ko cikin Satumba. Ke nan ɗan cinikin da ake yi kullum shi ne kuɗin awo da na 'yan ƙwadago, har ma da ƙarin takin zamani na babbar gona. Wato dai lambun damina shi yake riƙe gida kafin sabon hatsi ya shigo.

Babbar matsala ta farko ita ce ta tumatir. Zafin bazara yakan karkaɗe furensa, sannan laimar damina ta jawo masa cututtukan ganye. Idan marka ta kankama a watan Agusta, ruwa yakan kwanta a fadama, saiwa ta ruɓe. Wannan ne ya sa tumatir yake tsada a daidai lokacin da ya fi wuyar nomawa. Mai son gwadawa dole ne ya bar fadama ya koma tudu, ya ɗaga kunya sosai, kuma duk da haka yana iya yin feshi da safe ruwan la'asar ya wanke maganin. Ga kuma tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon, wadda ta yi mummunar ɓarna a shekarar 2016, har kamfanin tumatir na Ɗangote da ke Kadawa ya tsayar da aiki saboda rashin kaya. Ta fi ƙarfi a lokacin zafi, don haka tsinkar ƙarshe ta rani take cinyewa, alhali da kuɗin wannan tsinka ne manomi yake tanadin iri da takin damina.

Sai matsalar hannun aiki, wadda watakila ta fi kowace tsanani ga ƙaramin manomi. Noman firi da maimai na gero da dawa sukan faɗo a watannin Yuni da Yuli, kuma babu magidancin da zai bar gonar abinci a cikin ciyawa saboda lambu. Kuɓewa kuwa ba ta jira, in ta ƙara 'yan kwanaki a jikin uwarta sai ta tsufa ta yi tauri, mai saye ya karya bakinta ya ga bai ɓalle ba, ya ajiye. Shi ya sa tsinka da ɗaurin ganye sukan koma hannun yara da tsofaffi.

Haka kuma akwai batun sayarwa. Da rani, idan kasuwa ta faɗi, manomi yana da mafita, domin yakan yanka tumatir ko kuɓewa ya shanya, ya adana har farashi ya gyaru. A cikin marka wannan ƙofa a rufe take, saboda shanya ba ta bushewa, funfuna take yi. Ganye ma in ya kwana ya yi yaushi. Dillalai da 'yan gwari sun san da haka, saboda haka su suke yanke farashi. Kai kaya kasuwar 'Yankaba a Kano zai iya ƙara riba, sai dai tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya ninka, ta yadda mai buhu ɗaya ko biyu ba ya fita. Irin wannan manomi ko dai ya haɗa kayansa da na maƙwabta su ɗauki mota ɗaya, ko kuwa ya sayar a bakin lambu yadda aka taya.